Rangwamena yana nan, me ya sa kuɗin inshorar motata ya tashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila, shekara 6 ke nan ina yi wa motata inshora ban taɓa neman kamfani ya biya ni ko kwabo ba. Har ƙarin kuɗi nake biya don a kare mini rangwamen da ake yi wa wanda bai nemi diyya ba. Bara fam 640 na biya, bana takardar sabuntawa ta zo da fam 860. Abin da ya faru a tsakani biyu ne kawai: wani ya daki motar tana ajiye a ƙofar gida, ya amsa laifinsa, aka gyara, sai kuma na tashi na koma wata unguwa. To ina rangwamen ya tafi? Ba an ce doka ta hana su tsawwala wa tsohon kwastoma ba? In na sauya kamfani shekaruna za su zube? Sannan kwanan nan ni da kaina na goga ƙofar baya a jikin ginshiƙi, mai gyara ya ce fam 700. In kai musu ko in biya da aljihuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rangwamenka yana nan daram, sai dai in an yi kuskure wajen rubutu, zan kuwa nuna maka yadda za ka bincika. Abin da ya tashi shi ne kuɗin da ake cire rangwamen daga cikinsa. A aikinmu na dillancin inshora a ƙasar nan babu ƙorafin da ya kai wannan yawa, kuma kusan kullum tushensa ɗaya: mutum ya ɗauka alkawarin farashi aka yi masa, alhali alkawarin kaso ne.

Rangwamen nan, wanda takardarka ta kira NCD, wasu kamfanonin su rubuta NCB, kaso ne da ake zaftarewa daga wani farashi na asali wanda kamfani ke lissafawa sabo fil duk shekara. Shi wannan farashin ba kasafai ake nuna maka shi ba, abin da ya rage bayan an zaftare kawai kake gani. Bari mu yi lissafi da naka, mu ajiye haraji da 'yan ƙananan caje-caje gefe don a sauƙaƙa. A ce kamfaninka kashi 60 cikin 100 yake rage wa mai shekara 6. In bara ka biya fam 640, farashin asalin fam 1,600 ne ke nan. Bana da suka ce 860, asalin ya koma 2,150. Kashi 60 ɗin nan dai shi aka cire maka duk shekarun biyu, hasali ma bana an fi rage maka kuɗi, fam 1,290 maimakon 960 na bara. Kamar ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ya ce maka, Alhaji kai namu ne, duk shaddar da ka ɗauka zan rage maka kashi kaza. Ya cika alkawarinsa, amma bandir ɗin bara ba kuɗinsa ke nan bana ba.

Mu da muka taso a gida tsarin yakan ɗaure mana kai, don ba haka muka saba ba. A Najeriya hukumar kula da inshora, NAICOM, ce ke yanke kuɗin inshorar dole ta ƙaramar mota. Tun daga 1 ga Janairun 2023 naira 15,000 ne, bayan an ɗaga shi daga 5,000, kuma mai shekara 25 da mai 60, na Legas da na Gusau, duk abu ɗaya suke biya. A Birtaniya an wajabta inshorar tun dokar hanya ta 1930, amma gwamnati ba ta yanke wa kowa farashi. Kowane kamfani da nasa ma'aunin.

Shi kansa rangwamen babu dokar da ta ce ga yawansa. Abin da aka fi gani shi ne babban tsalle a shekarar farko, wajen kashi 30, sai a riƙa ƙarawa har a kai kashi 60 ko sama da haka kaɗan a shekara ta biyar. Daga nan sai tafiyar hawainiya. Akwai kamfanonin da ke ci gaba da ƙirga shekaru har 9 ko fiye, amma bambancin mai 6 da mai 7 bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa sabon direba yakan ga kuɗinsa yana sauka shekara biyu ko uku a jere, ya ɗauka haka za a yi ta tafiya. Kai ka wuce wannan zangon. Babu sauran wani babban rangwame a gabanka da zai haɗiye tashin farashin asali, saboda haka duk abin da ya motsa can ƙasa sai ka ji shi a aljihu.

To me ke motsa shi? Akwai abin da ya shafi kowa. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Birtaniya, ABI, ta ce matsakaicin abin da masu motoci suka biya a 2022 fam 434 ne, a 2023 ya koma 543, tashin kashi 25 a shekara guda, a farkon 2024 kuma ya kai 635. Diyyar motoci da kamfanonin suka biya a 2023 fam biliyan 9.9 ce, a 2024 biliyan 11.7. Leƙa garejin masu gyaran jikin mota ka ga dalili da idonka. A da in aka daki gaban mota, a buga, a shafe, a yi fenti, a sallame ka. Motar yanzu a cikin robar gabanta akwai na'urorin da ke hango abin da ke gaba, a bayan gilashi akwai kyamara, in aka canza gilashin sai an sake saita kyamarar da kwamfuta. Fitila guda ta wasu motocin ta fi kuɗin inshorarka ta shekara. Kayan gyara su yi jinkirin zuwa, duk daren da mota ta kwana a gareji kuwa ana biyan hayar wadda aka ba mai ita ya riƙa hawa. Ga ɓarayin motocin da ke tashi ba tare da an sa makulli ba. Ga harajin gwamnati na kashi 12 a kan kuɗin inshora, wanda yake haka tun Yunin 2017, alhali kafin Nuwamban 2015 kashi 6 ne.

Amma ba zan jingina naka duka a nan ba, don bayan farkon 2024 matsakaicin farashin ya fara sauka. Tashin kashi ɗaya bisa uku ga mai shekara 6, ruwa ba ya tsami banza. Abubuwan nan biyu da ka ambata kamar ba komai ba, su nake zargi.

Ƙaurar tukuna, ita ce mai sauƙi. Kamfanoni suna auna farashi da lambar adireshin unguwa, har layi-layi: yawan satar mota a wurin, yawan karo, yawan masu tuƙi ba inshora, a titi motar ke kwana ko a cikin gida. Tafiyar minti goma tsakanin tsohon gidanka da sabo tana iya zama ɗaruruwan fam. A 2022 ƙungiyar Citizens Advice ta fitar da binciken da ya nuna ana yanka wa mazauna unguwannin da baƙar fata da 'yan Asiya suka fi yawa ƙarin kimanin fam 280 a shekara. Kamfanonin sun ce ba sa sa launin fata a lissafi. Ko ma dai yaya ne, yawancinmu a irin waɗannan unguwannin muke samun haya, mu ke biya.

Sai dukan da aka yi wa motarka, inda nake so ka ba ni hankalinka. Ka ce ba ka taɓa neman diyya ba. A idon kamfani ka nema, tunda an gyara motar da kuɗin inshora, ko da ta wancan mutumin ce. Kamfani kashi biyu yake raba diyya: wadda ya dawo da kuɗinsa daga wani, da wadda kuɗin suka tafi ke nan. Ta biyun a kanka yake rubuta ta, ko barci kake yi abin ya faru. An sace mota, yara sun fasa ta, wani ya dake ta cikin dare ya gudu, an raba laifi rabi da rabi, duk a kanka ne. Taka tana cikin kashin farko, tunda mutumin ya tsaya ya amsa, bai kamata ta taɓa shekarunka ba.

Inda ake cutuwa shi ne tsakani. In kamfaninka ne ya gyara motar sannan ya bi kamfanin wancan ya karɓo kuɗinsa, ana iya shafe watanni kafin kuɗin su shigo. Muddin fayil ɗin yana buɗe, kamfanoni da yawa suna lissafa shi kamar a kanka yake, in lokacin sabuntawa ya riske ka a haka sai a yanka maka farashin mai laifi. Na sha buɗe fayil in tarar kuɗi sun dawo tuntuni, ba wanda dai ya danna ya rufe shi, mai motar kuwa yana can yana biyan ƙari. Saboda haka ka ɗauko takardar sabuntawar. Tun Afrilun 2017 dole ne su rubuta kuɗin bara kusa da na bana. Ka duba shekarun rangwame nawa aka rubuta, ka duba wurin da aka jera haɗurra ka ga yadda aka siffanta naka. Sannan ka buga musu waya ka tambaya: an rufe fayil ɗin? An dawo da kuɗin duka? Yaya aka shigar da shi a CUE? Wannan CUE rumbun bayanai ne da kamfanonin ke tarayya a kai tun 1994, ofishin haɗin gwiwar kamfanonin inshorar mota, MIB, ke kula da shi, duk abin da aka kai wa kamfani rahoto, an biya ko ba a biya ba, yakan zauna a ciki shekara 6. Kana da haƙƙin neman a ba ka abin da aka rubuta a kanka, kyauta. In aka tarar fayil ɗin ne bai rufu ba, ka ce a sake lissafa maka farashin da zarar an rufe, a dawo maka da rarar.

Ko an rufe shi daidai, kada ka yi mamaki in ya ƙara maka wani abu. Hujjarsu ita ce ƙididdigarsu ta nuna wanda abu ya taɓa samu ya fi yiwuwar ya sake samunsa. A kan mai ajiye mota a ƙunƙuntaccen titi mai cunkoso hujjar tana da kama hankali, wurin da aka dake ta yau ana iya dukanta gobe. A kan wanda aka tarar a tsaye a danja aka buge shi ta baya kuwa, ni ban ga adalcinta ba, amma doka ba ta hana ba. Abin da zai amfane ka shi ne kamfanoni ba bakinsu ɗaya ba a nan. Wani ya ɗora da nauyi, wani ya kau da kai in sau ɗaya ne. Wannan kaɗai ya isa dalilin ka nemi farashi a wani wurin bana.

Kariyar da kake biya wa ƙarin kuɗi kuwa, adadin shekarunka take karewa. In babu ita, diyya ɗaya a kanka takan zubar da shekara 2, kuma a kamfanoni da yawa duk wanda ya haura 5 ana maido shi 3, ko 6 gare shi ko 12. In akwai ta, ana barinka da shekarunka matuƙar ba ka wuce adadin da aka yarda ba, galibi diyya ɗaya ko biyu a cikin wasu 'yan shekaru da aka ƙayyade. Amma haɗarin yana nan a rubuce, farashin asali zai tashi dominsa, sannan a cire maka kasonka cif daga babban farashin. Ruɗanin ya yi yawa har hukumar kula da gasar kasuwanci, CMA, ta ba da umarni a 2015 cewa dole kamfani ya faɗa wa kwastoma a fili kariyar ba ta kare jimillar farashi, ya nuna masa kuɗinta daban, da tsanin rangwamen, da abin da zai sami shekarunsa in ya nemi diyya. Shafin yana cikin takardunka, kusan ba mai karanta shi. Da shi za ka gane ko kariyar ta ci kuɗinta. A misalinmu, in faɗowa daga shekara 6 zuwa 3 na nufin sauka daga kashi 60 zuwa 50, a kan 2,150 bambancin fam 215 ne a shekarar farko, ya ragu a ta biyu. In kariyar fam 30 ce ko 40, ni zan biya, balle motarka a titi take kwana. In ta doshi 100, sai na sake tunani.

Dokar da ka ji labari gaskiya ce, sai dai ba ta ce abin da mutane ke zato ba. A da kamfani yakan jawo sabon kwastoma da araha, sannan ya riƙa ɗora wa wanda ya zauna kaɗan-kaɗan duk shekara don ya san ba dubawa zai yi ba. Hukumar kula da kamfanonin kuɗi da inshora, FCA, ta haramta wannan daga 1 ga Janairun 2022. Abin da ƙa'idar ta ce shi ne kada kuɗin sabuntawarka su wuce abin da kamfanin zai yanka wa sabon kwastoma irinka sak, mai irin motarka, unguwarka da tarihinka, wanda ya shigo ta hanyar da ka shigo. Ba ta hana ya wuce na bara ba, ba ta hana ya wuce na wani kamfanin ba. In sabon shiga irinka 860 za a ce masa, sun bi doka. Kana iya gwadawa, ka nemi farashi a wurinsu kamar baƙo da bayanai iri ɗaya. In ka ga tazara mai yawa ka ce su yi maka bayani, amma ka sani farashin nan kullum motsi yake, ranar da aka buga takardarka ita ce abin dubawa.

Sauya kamfani ba ya zubar da shekaru, naka ne, da su za ka tafi. Sabon kamfanin zai nemi shaida, takardar sabuntawar nan da ke hannunka ko wasiƙar da tsohon zai ba ka, wasu ma su tabbatar da kansu. In sun ba ka wa'adin aikawa kada ka bari ya wuce, don za su cire rangwamen su biyo ka ciko, ko su soke inshorar, wanda aka taɓa soke wa inshora kuwa duk inda ya je sai an tambaye shi. Abin da ke cin shekaru daban ne. In ka bar inshora a tsakiyar shekara ba a ƙirga guntuwar, sai wata 12 cif. In ka zauna sama da shekara 2 ba inshora da sunanka, yawancin kamfanoni daga sifili za su fara maka, masu komawa gida su daɗe su kula da wannan. Rangwamen a mota ɗaya yake aiki, in ka saya wa uwargida tata ita ma sai ta tara nata. Wanda aka sa a inshorar wani a matsayin ƙarin direba galibi ba ya tara komai, ko shekara nawa ya yi. Shekarun tuƙin da mutum ya yi a Najeriya ko Nijar ma yawancinsu ba sa karɓa, sai 'yan tsirarun da ke duba tarihin ƙasar waje.

Ka fara nema mako uku zuwa huɗu kafin ranar ƙarewa. Wanda ya zo ana gobe inshora za ta ƙare, kwamfutarsu kallon mai sakaci take yi masa, ta ƙara masa. Ka gwada fiye da ɗaya daga shafukan kwatanta farashi, irin su Compare the Market, MoneySuperMarket, Confused.com da GoCompare, don ba kamfanoni ɗaya ne a kansu ba. Kada kuma girman rangwame ya ruɗe ka. Mai ba da kashi 70 a kan 2,600 zai karɓi 780, mai ba da kashi 50 a kan 1,400 zai karɓi 700. Lambar ƙarshe za ka duba, da abin da ke cikinta: ekses nawa ne, wato kason da kai za ka fara biya daga aljihunka kafin kamfani ya sa hannu, akwai motar aro in taka tana gareji, an haɗa da gilashi. In ka samu wanda ya fi sauƙi, ka kira kamfaninka ka karanta musu lambar. Sau da yawa sukan sauko. In ba su sauko ba ka ce kada su sabunta, don yawanci da kanta take sabuntuwa, sai ka wayi gari an cire maka kuɗi wuri biyu. Ka kuma haɗa ranakun baki da baki. Kyamarorin 'yan sanda suna karanta lambar mota, tuƙi ba inshora tarar fam 300 ce da makin laifi 6 a lasin, suna kuma iya kwace motar.

Akwai wuraren da ake samun ragi na halal. Mutane da yawa suna rubuta mil 12,000 a shekara bisa ƙiyasi, alhali in ka ɗauko takardun MOT biyu, wato na gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake rubuta mil ɗin da ta ci a kai, ka debe na bara daga na bana za ka tarar 7,000 ne. Biyan wata-wata bashi ne, akwai ruwa a kansa, sau da yawa sama da kashi 20, wanda ga yawancinmu matsala biyu ce, ta aljihu da ta addini. In da hali ka biya na shekara gaba ɗaya. Ƙara ekses na ganin dama yakan rage farashi, amma kada ka sa abin da ba za ka iya fitarwa ranar da abu ya faru ba.

Inda ba na so ka nemi ragi shi ne wajen amsa tambayoyi. Fom ɗin zai ce, ko ka yi haɗari ko asara a shekara 3 ko 5 da suka wuce, laifinka ne ko ba naka ba? Dukan nan da aka yi wa motarka dole ka rubuta shi, yana cikin CUE, za su gani. Dokar 2012 ta bayanan masu sayen inshora ta ba kamfani damar rage diyya in sakaci ka yi, in kuwa da gangan ne ya soke inshorar kamar ba a taɓa yin ta ba, ya riƙe kuɗinka. Abin da na fi gani a wurin 'yan uwanmu shi ne batun amfanin mota. Mai aikin kula da tsofaffi gida-gida, daga wannan gida zuwa wancan, inshorar zuwa aiki da dawowa ba ta rufe shi ba, sai ya ƙara amfanin sana'a. Mai kai abinci ko kaya ana biyansa kuwa inshorarsa ma daban ce. Haka rubuta uba a matsayin babban direba alhali ɗa ne ke hawan motar kullum, wannan zamba ce a dokarsu. Sai masu talla a WhatsApp da Instagram, wai za su samo maka inshora rabin kuɗi. Wasu takardar jabu suke bugawa, wasu su yi ta gaske da adireshin ƙauye da shekarun rangwamen ƙarya, wasu su soke ta bayan ka biya su karɓe kuɗin. Ba za ka sani ba sai ranar da aka tsayar da kai. Duk dillalin da babu sunansa a rajistar FCA, ko ɗan garinku ne, ka ba shi haƙuri.

Yanzu ƙofar da ka goga. Ka duba ekses ɗinka, kashi biyu ne, na dole da wanda ka zaɓa, haɗa su ake yi. A ce 250 da 200, jimilla 450. Daga fam 700 ɗin nan kamfani 250 kawai zai biya. A madadin wannan 250, za a rubuta diyya a kanka, ta biyu a tarihinka cikin ɗan lokaci, ka riƙa faɗinta duk sabuntawa har shekara 5. Kariyarka za ta tsare shekarun, amma ka ci ɗaya daga damar da aka ba ka. In a misali farashin asali ya ƙaru da kashi 20 saboda ita, 2,150 ya koma 2,580, bayan rangwame za ka biya 1,032 maimakon 860, ƙarin fam 172 a shekara guda. Kafin shekara biyu ka mayar musu da 250 ɗinsu har da riba. Ni a wurinka da aljihuna zan gyara, zan kuma nemi farashin wani mai gyaran, don masu zuwa gida su gyara ƙaramar gugar sukan fi babban gareji sauƙi in ƙarfen bai lotse sosai ba. Lissafin yana juyawa ne in gyaran ya kai dubbai, ko akwai motar wani a ciki, ko wani ya ji ciwo. Nan kada ka yarda da a sasanta a bakin titi, mutum yakan karɓi kuɗinka yau, bayan wata uku lauyansa ya rubuto wai wuyansa na ciwo.

Biya da aljihu fa bai ɗauke maka sanarwa ba. Sharaɗin yawancin inshora ya ce ka faɗa musu duk haɗarin da ya faru ko ba ka neman komai. Ka rubuta musu cewa sanarwa ce kawai, ba neman diyya ba, ka ajiye kwafi. Ba ta taɓa shekarunka, ko da yake tana shiga CUE, wasu kamfanonin su ƙara ɗan wani abu. In kuma ginshiƙin na wani ne, ya lalace, doka ta ce ka ba mai shi bayananka, in ba ka same shi ba ka kai wa 'yan sanda rahoto cikin awa 24.

In bincikenka ya nuna an rage maka shekaru bisa kuskure, ko an rubuta dukan farkon a kanka, suka kuma ƙi gyarawa ta waya, ka shigar da ƙorafi a rubuce. Mako 8 gare su su ba ka amsar ƙarshe. In ba su amsa ba, ko amsar ba ta gamsar da kai ba, ka kai wa ofishin sasanta rikicin kuɗi, FOS, cikin wata 6 daga ranar wasiƙar tasu. Kyauta ne, ba sai da lauya ba, in kuma ka amince da hukuncin da suka yanke dole kamfanin ya bi. Ka haɗa musu takardun sabuntawar bara da bana, da lambar fayil ɗin, da duk saƙon da wancan direban ko kamfaninsa ya amsa laifi a ciki.